Zura bututun numfashi ga zomo

Zura bututun numfashi ga zomo dabara ce ta likitocin dabbobi, inda ake shigar da siririn bututu ta baki ko ta hanci zuwa maƙogwaro, don isar da iskar oksijin da maganin sa barci lokacin tiyata. Aikin ya fi wuya ga zomo fiye da kare ko kyanwa. Bakinsa ba ya buɗuwa sosai, haƙoransa na gaba dogaye ne, tushen harshensa kuma yana da kauri, yana kare ƙofar maƙogwaro.

Wasu likitoci kan miƙar da wuyan zomon, su tura bututun a hankali suna sauraren numfashi, ba tare da ganin ƙofar ba. Wasu kan leƙa da na'urar duba kunne ko ƙaramar kyamara. Faɗin bututun yakan kama daga milimita 2 zuwa 3.5. Yawan gwadawa yana kumbura maƙogwaro, akan kuma fara ɗiga masa lidoken, maganin kashe zafi, kafin a zura bututun.

Sa barcin kansa ma ya fi haɗari ga zomo: wani bincike da aka wallafa a Birtaniya a 2008 ya nuna kashi 1.39 cikin 100 na zomayen da aka sa wa barci sun mutu, karnuka kuwa kashi 0.17.