Neman Jijiya da Na'urar Sikanin Kafin Isa Asibiti: Mas'alar Lokaci

Tun shekarar 1832, sa'ad da likita Thomas Latta na garin Leith a Sikotlan ya ɗura ruwan gishiri cikin jijiyar masu amai da gudawa, ya ga waɗansu da aka riga aka fid da tsammani da su sun buɗe ido sun yi magana, ma'abota ilimin likitanci suka tabbata cewa jijiyar jini ita ce ƙofar da taimako ke shiga jikin wanda ajali ya yi wa barazana. Illa dai ƙofar nan tana da wata ɗabi'a mai ban takaici, domin a lokacin da aka fi bukatarta a lokacin ne take ɓuya: idan jini ya zuba ko ruwan jiki ya ƙare, sai jijiyoyin hannu su shafe, ma'aikaci ya ɗaure damtse da roba, ya bubbuga, ya lalluba, ya soka sau uku ko huɗu a banza, alhali majiyyaci na kwance a bakin titi. Masu ciwon sikila, waɗanda allurar shekaru ta cinye musu jijiyoyi, da masu ƙiba, da ƙananan yara, sun san wannan azaba fiye da kowa.

Na'urar sikanin, wadda Ian Donald ya fito da fa'idarta a Gilasgo a 1958, kuma jama'armu suka fi saninta wajen awon ciki, a yau ta ƙanƙance har ana haɗa ta da wayar hannu a sa a aljihu. Ma'aikaci zai shafa man nan mai santsi a damtse, ya ɗora kan na'urar a gicciye, sai ya ga waɗansu baƙaƙen da'irori a fuskar wayar; wadda ya danna ta lotse ita ce jijiyar da ake nema, wadda kuwa ta ƙi lotsewa tana harbawa ita ce mai fito da jini daga zuciya, sai a kauce mata. Daga nan ya bi tsinin allurar da ido, ɗan ɗigo fari, yana matsar da na'urar kaɗan kaɗan, har ya ga ɗigon ya zauna a tsakiyar da'irar. Hujjar amfanin wannan a cikin asibiti ba ta da rauni. Likita Keyes da abokan aikinta sun ruwaito a 1999 cewa sun dace a kashi 91 cikin ɗari na majiyyatan da aka kasa samun jijiyarsu, Costantino kuma a 2005 ya sami kashi 97 da na'ura, 33 kacal ba tare da ita ba.

To, amma kiyasta bakin hanya da ɗakin asibiti kiyasi ne da ke bukatar hattara, domin illar hukuncin ta bambanta. A asibiti akwai haske, da gado tsayayye, da mataimaki. A cikin motar ɗaukar marasa lafiya kuwa akwai girgiza, da ƙunci, da hannaye biyu rak, ɗaya riƙe da na'ura, ɗaya da allura, ga rana tana dusashe hoton. Jijiyar da na'ura ke nunawa galibi mai zurfi ce, kuma idan zurfinta ya haura santimita ɗaya da rabi, gajeriyar kanula, wato 'yar robar da ake bari cikin jijiya, takan zame ta fita, ruwa ya riƙa taruwa cikin tsoka ba a sani ba, musamman da yake za a ɗaga majiyyacin a sauke shi sau da dama. Uwa uba, aikin yana cin mintoci, kuma mintocin nan na majiyyaci ne. Binciken Bickell a birnin Houston na Amurka a 1994, a kan mutum 598 da aka soka ko aka harba a gangar jiki, ya nuna kashi 70 cikin ɗari sun rayu daga waɗanda aka jinkirta musu ƙarin ruwa har ɗakin tiyata, 62 kuma daga waɗanda aka ɗura wa tun a hanya. Mai zubar jini a ciki, ashe, likitan fiɗa yake bukata, kuma tsayawa neman jijiya dominsa kan zama cutarwa da sunan taimako.

Wanda zuciyarsa ta tsaya shi ma yana da wata ƙofa, wato ɓargon ƙashin ƙwauri ko na kafaɗa, inda ake huda allura cikin ƙasa da minti guda; manyan gwaje-gwaje biyu da aka buga a 2024, ɗaya a Birtaniya ɗaya a Denmak, ba su sami bambanci bayyananne ba wajen rayuwa tsakanin wannan hanya da ta jijiya. Wanda jijiyarsa ke bayyane kuwa ba ya bukatar na'ura ko kaɗan, don ba a taimama ga ruwa a kusa.

Saura wa ke nan? Saura majiyyacin da ke a farke, wanda huda ƙashi zai yi masa zafi ainun, wanda lalurarsa ta magani ce ta gaggawa amma ba ta daƙiƙoƙi ba, kuma tafiyar da ke gabansa mai nisa ce: mai sikila da ciwo ya tasar masa, mai amai da gudawa da ya kasa riƙe ruwan gishiri da sukari, mai zazzaɓin da ya shiga jini. A nan ne na'urar take da haƙƙi cikakke, kuma irin waɗannan suna da yawa a ƙasar Hausa, inda tsakanin ƙauye da babban asibiti kan kai sa'o'i. Sharaɗinta dai shi ne horo mai maimaituwa, domin hannun da ya koya a kwas na yini guda ya bari, bayan 'yan watanni ya manta. Saboda haka hukumar da za ta sayi na'urar, wajibi ne ta haɗa da doguwar kanula, da allurar ƙashi, da ƙa'ida rubutacciya mai iyakance yawan gwaji da mintocin da za a ɓata kafin mota ta tashi. In ba za ta iya waɗannan ba, gara ta sa kuɗin a man mota da horar da ma'aikata.