Tarihin ƙananan wayoyi masu cikakkun madannai a Jos

Ƙaramar waya mai cikakkun madannai ita ce wayar salular da ba ta kai matsayin babbar waya ba, amma kowane harafi yana da madanninsa, a jere irin na kwamfuta. Ana gane ta da faɗin jiki da allo a kwance da layuka huɗu na ƙananan madannai. Ta yi tashe a Najeriya daga wajen 2010 zuwa 2014, kuma a Jos ta fi yawa a hannun ɗalibai da matasan 'yan kasuwa.

Jerin haruffan da ke kanta ya girme ta da shekara fiye da ɗari. Christopher Latham Sholes ne ya tsara shi a Amurka don tafireta, kamfanin Remington kuma ya fara sayar da injin a 1874. Daga tafireta jerin ya koma kwamfuta, ana kiransa QWERTY saboda haruffa shida na farkon layin sama. Wayar salula kuwa ta gaji madannai 12 na wayar tarho, aka cusa haruffa uku ko huɗu a kan kowace lamba daga 2 zuwa 9, domin don kira aka ƙera ta tun farko.

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta NCC ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Kafin nan layukan NITEL ba su wuce rabin miliyan ba a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 100. Daga Legas da Abuja layin ya bazu zuwa sauran manyan birane har da Jos. A lokacin kira yana da tsada, naira 50 a minti, sai da Globacom ya shigo a 2003 da cajin daƙiƙa-daƙiƙa sannan aka ɗan samu sauƙi. Tsadar nan ce ta koya wa mutane filashin da tura saƙon tes, wanda bai wuce harafi 160 ba.

Rubutu a kan Nokia 3310 ko 1100 mai tocila aiki ne na haƙuri. Mai son rubuta “sannu” sai ya danna 7 sau huɗu, 2 sau ɗaya, 6 sau biyu, ya ɗan dakata, ya sake danna 6 sau biyu, sannan 8 sau biyu: dannawa 11 don haruffa biyar. Akwai tsarin T9 mai hasashen kalma, amma da yake a yawancin wayoyi ƙamus ɗin Turanci yake bi, mai rubuta Hausa kashe shi yake yi.

Cikakkun madannai sun fara ne daga wayoyin masu kuɗi. Nokia ta fitar da Communicator 9000 a 1996, kamfanin Research In Motion na Kanada kuma ya fito da BlackBerry a 1999 don ma'aikatan da ke son imel a aljihu. Manhajar hira ta BBM, wadda ta zo a 2005, ita ta sauya mata kasuwa. Da Bold 9000 ta fito a 2008 da Curve 8520 a 2009, BlackBerry ta zama abin yayi a jami'o'in Najeriya, har Nollywood ta yi fim mai suna BlackBerry Babes a 2011. Sai dai wayar tana da tsada, ga kuɗin intanet na BIS da ake biya duk wata a lokacin, batirinta kuma da ƙyar yake kai yini biyu. Nokia E71 da E63 ma ba na kowa ba ne.

Wannan giɓi ne ƙananan wayoyi masu cikakkun madannai suka cike. A 2010 Nokia ta kawo C3-00 mai allon inci 2.4 da kyamara mai megafiksel 2 da Wi-Fi, sannan X2-01 wadda ta fi araha, amma ba ta da Wi-Fi kuma kyamararta ba ta da ƙarfi. A Oktoban 2011 aka gabatar da Asha 200 mai sim biyu da lasifika mai ƙara, da Asha 201 mai sim ɗaya. Asha 302 ta fi su saurin intanet domin tana hawa 3G, alhali yawancin 'yan uwanta a 2G suka tsaya. Asha 205 ta 2012 ta zo da madanni na musamman na Facebook, Asha 210 ta 2013 kuma da na WhatsApp. Samsung ta shiga gasar da jerin Ch@t, ciki har da Ch@t 322 mai sim biyu. Can ƙasa kuma akwai 'yan Chana masu kwaikwayon siffar BlackBerry, wasu har da eriyar talabijin, masu arha amma ba su cika ƙarko ba.

A Jos cinikin waya ya bunƙasa ne a daidai lokacin da garin ya rasa babbar kasuwarsa. Gobarar Fabrairun 2002 ta cinye kasuwar Terminus, 'yan kasuwa suka watsu zuwa titunan da ke kewaye, musamman Ahmadu Bello Way, inda shaguna da tebura suka yawaita. Kayan suna zuwa daga Computer Village ta Ikeja da kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, sababbi a kwali da na hannu. Tambayoyin mai saye ba su cika wuce huɗu ba: sim nawa take ɗauka, caji yana kwana nawa, tana ɗaukar memori, tana yin manhajar hira ta 2go? Sim biyu ya zama dole ne saboda ƙarfin sabis ya bambanta tsakanin cikin gari da ƙauyukan Bokkos ko Mangu, kuma kira daga wani layi zuwa wani ya fi tsada. Batir kuwa, ƙarancin wutar lantarki ne ya sa shi gaba; a nan C3 da Asha suka fi BlackBerry nesa ba kusa ba, ko da yake mai tocila ta fi su duka riƙe caji.

2go, manhajar hira da aka ƙirƙira a Afirka ta Kudu a 2007, ita ce BBM ɗin talaka a wancan lokacin. Tana hawa kowace waya mai Java, ba ta cin data sosai, kuma miliyoyin 'yan Najeriya sun yi rajista da ita. Tare da Opera Mini da Facebook, ta mayar da wayar hannu wurin doguwar hira a rubuce. Ɗalibin Jami'ar Jos ko yaron shago a Bauchi Road yana riƙe wayar da hannu biyu, manyan yatsunsa suna aiki tare, harafi ɗaya dannawa ɗaya. Madannan ba su da ƙ da ɗ da ɓ, don haka aka saba rubuta su ba lanƙwasa. Gajerce kalmomi da aka koya tun zamanin tes, kamar slm da ykk da lfy da ngd, ya zauna daram har yau. Saurin yaɗuwar rubutu ya zo da nasa haɗari: a rikicin Jos na Janairun 2010 an zargi saƙonnin tes na ƙarya da rura wutar fitina.

Wayoyin suna da nasu aibi. Madannan ƙanana ne, mai manyan yatsu yakan haɗa biyu, dattijo mai raunin gani kuma da wuya ya karanta su. Lambobi a cakuɗe suke cikin haruffa, saboda haka buga lamba ko loda kati ya fi sauƙi a mai madannai 12. Masu gyara sun saba da matsalolinsu: haruffan da suka goge, ƙurar hunturu da ta shige ƙarƙashin roba, da madannin tsakiya da ke fara mutuwa.

Faɗuwarsu ta zo da sauri. Daga 2013 Tecno da itel da Infinix, duka na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka cika kasuwa da wayoyin Android masu allon shafawa a farashin da bai fi na Asha da yawa ba. A Oktoban 2013 BBM ta hau Android da iPhone. Microsoft ya kammala sayen sashen wayoyin Nokia a Afrilun 2014, jerin Asha kuma bai daɗe ba bayan nan. BlackBerry ta daina ƙera waya da kanta a 2016. WhatsApp ta janye daga tsarin BlackBerry a ƙarshen 2017, daga tsarin Series 40 na su C3 da Asha kuma a ƙarshen 2018.

Mai madannai 12 ba ta bi su ba. Har yanzu dillalin tumatir a Farin Gada da manomin dankalin turawa da direban keke suna riƙe da ita don kira da tocila da rediyo da tura kuɗi ta lambobin banki irin su *737# da *894#, ayyukan da lamba kawai suke buƙata. Masu rubutu sun koma allon shafawa, inda jerin QWERTY yake nan a zane, kuma yanzu ana iya ɗora masa haruffan Hausa masu lanƙwasa. Ƙaramar waya mai cikakkun madannai ta rasa masu saye ta ɓangarorin biyu, shi ya sa yau da wuya a same ta sabuwa a Jos, sai ta hannu a teburin masu gyara. Shekarunta kaɗan ne, amma a kanta ne matasa da yawa suka fara rubuta Hausa kullum a waya.