Yadda Launi Ya Shigo Ɗakin Mata

Zaren kakanninmu fari ne. Mace za ta gurje auduga ta fitar da gurya, ta shiɓe ta, ta lakaci alli a yatsa ta murza mazari, tun bayan la'asar har dare ya raba. Abin da zai fito farin zare ne, siriri ko abawa mai kauri, kuma nan aikinta ya tsaya. Ranar kasuwa yarinya ta kai, masaƙi ya saya. In zaren nan zai ga launi, sai ya bar gidan ya koma hannun maza. Su ne a bakin karofi, su ke haɗa baba da toka, su suka san ranar da ruwan ya nuna. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda masu ita ke danganta kafuwarta da 1498, da marinun Kura da na Zariya, duk aikin maza ne. Ko matan da ke da masaƙar tsaye a jikin bango, abin da marini ya ba su da shi suke aiki: shuɗi mai duhu, shuɗi mai haske, sai fari.

Ja kuwa na masu hali ne. Alharini siliki ne da ake ƙetaro Sahara da shi ta Tarabulus da Gadamas, ana auna shi da tsada, a saka shi cikin barage da shafin manyan riguna. Lokacin da Heinrich Barth ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin garin suna kaiwa har Tumbutu da Murzuk da Tarabulus. Duk wannan ciniki a kan mazarin mata ya tsaya, amma macen da ta kaɗa zaren ba ta da ta cewa a kan kalar da zai zama. Wannan ne nake so 'yan matan da ke zuwa koyon saƙa wurina su sani, domin su sun buɗe ido sun tarar da launi jibge a kanta, sun ɗauka haka duniya take tun asali.

Canjin daga nesa ya faro. A 1856 wani saurayi a Ingila, William Perkin, yana neman haɗa maganin zazzaɓi na kwini daga kwaltar gawayi, sai ya samu rini mai launin shunayya. A 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin kanti. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa da na Kwarori suka biyo baya, zaren ɗinki mai kala-kala ya fara shiga gidaje. Iyayenmu sun fara da yi wa zanen gado da matashin kai ado, tsuntsaye da furanni, kafin su san kwarashi.

Ita saƙar kibiya da kwarashi ta makaranta ta shigo mana. Matan mishan sun koyar da ita, haka ma makarantun 'yan mata na farko da aka buɗe a Kano da Katsina a 1930, inda aikin allura da kula da gida suka fi karatun littafi yawa. Sai dai ta daɗe ba ta fita daga hannun malamai mata da ma'aikatan asibiti da matan manyan ma'aikata ba, kuma dalilin zare ne. Ulun farko na gashin tunkiya ne daga Ingila. Ga tsada, ga shi in an wanke shi da ruwan zafi ya ƙanƙance ya dunƙule, in an ajiye shi a adaka asu ya cinye. Wace uwa ce za ta sa wa jariri abin da ba ya son wanki?

Zaren roba ne ya warware wannan. Kamfanin DuPont na Amurka ya fitar da nasa, Orlon, a 1950, wasu ƙasashe suka bi, kuma kafin in yi wayo ya riga ya cika kasuwanninmu. Har yau ulu muke ce masa, ko da yake babu gashin tunkiya ko ɗaya a cikinsa. Mai son ta tantance ta kusantar da bakin zaren ga ashana: ulun gaske ƙaurin gashi yake yi ya zama toka, na roba narkewa yake ya dunƙule ya yi tauri. Na robar ba ya ƙanƙancewa, asu ba ya cinsa, yana bushewa kafin azahar, kuma yana kama rini yadda auduga ba ta taɓa kamawa ba. Ruwan hoda, ruwan goro, ruwan ɗorawa, tsanwa shar, ja zur, kuma a wanke su sau nawa ba sa zuba. A karon farko matar da ke cikin kulle, da kuɗin dakau ko na ƙosai a hannunta, za ta aiki yaro kasuwa ta ce ga kalar da take so, ta haɗa ta da wadda ta ga dama, ba ta nemi shawarar marini ko masaƙi ba.

Daga nan abin ya bazu gida-gida, ba tare da wata hukuma ta tsara ba. Amaryar da ta yi makarantar kwana za ta tare a unguwa, kafin shekara ta zagayo rabin matan layin sun iya sarƙar kwarashi. Ni a wurin ƙanwar mahaifina na koya. Goggo ba ta iya karanta takardar zane ba, amma a nuna mata hular jariri ta juya ta ciki da waje, gobe ta yi irinta. Lokacin kowane ɗaki yana da shaidar hannun mai shi: mayafin talabijin, na hannun kujera, na saman kwanuka a kabad. Ranar suna kuwa, a buɗe kayan barka a ga saiti, hula da safa da riga da shawul, mata su yi ta miƙa wa juna suna tambayar wa ta yi. Da Maryam Babangida ta kafa shirin Better Life a 1987, cibiyoyin mata suka ƙaru a ƙananan hukumomi, injin saƙa ya shigo, wasu cikinmu suka fara karɓar aikin suwaitar 'yan makaranta da dozin. Na san gidajen da kuɗin nan ya riƙe a shekarun da albashin maigida ya daina kaiwa ƙarshen wata.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Gwamnatin Sardauna ta kafa masaƙar Kaduna, ta fara aiki a 1957, wasu manya suka biyo ta, dubban mutane suna ci daga audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi. Masaƙar Kaduna ta rufe a 2002, babbar maƙwabciyarta UNTL ta tsaya a 2007. Yau in ina son zaren auduga mai laushi wanda jariri zai kwanta a kai da zafi bai yi gumi ba, wanda nake samu a rumfunan da nake sayayya na waje ne, kuma kuɗinsa ya ninka na roba. Mun samu launi, mun saki audugarmu. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023 ma na robar ya yi tashin da wasu ɗalibaina suka koma gwanjo: su sayi tsohuwar suwaita, su warware ta, su wanke zaren su rataya da ɗan nauyi a ƙasa har lanƙwasar ta miƙe. Ga kuma bargunan China masu taushi a leda, da araha. Duk da haka ba mu daina ba, kuma 'yan matan yanzu da ke koyo ta waya suna yin abin da mu ba mu yi mafarkinsa ba.

Murnar sabon zare kuwa tana nan yadda take. Da damina ta ɗauke, iska ta fara juyawa, masu rumfa suke sauke sabon kaya. Za ki tarar an jera ledoji har rufi, mai rumfa ya yanka ɗaya ya zazzage a kan tebur.

"Hajiya, wannan bai taɓa zuwa ba. Duba, ba ruwan zuma ba ne, ba ruwan ƙasa ba."

"Fito mini da shi waje, Alhaji, in gan shi a rana."

Kullum a rana ake duba zare, don ƙwan lantarkin rumfa yana ƙara wa kala abin da ba ta da shi. Sai ki ɗora ƙulli a kan ƙulli, ki ja baya, ki lumshe ido kaɗan. Kalar da ta fi kyau ita kaɗai sau da yawa ita ke kashe 'yan'uwanta, wata kuma da ba ki kula ta ba, ruwan toka ko ruwan madara, ita ke sa sauran su yi magana. In kin yanke shawara, ki sayi duk abin da bargon da za ki saƙa zai ci a lokaci guda, ƙulli goma ko fiye, kuma ki duba lambar rinin da ke jikin takarda ta zama ɗaya. Tukunyar rini biyu ba sa fitar da kala ɗaya, bambancin ba ya nunawa a leda, sai bargo ya kai rabi ya fito kamar tabon ruwa a bango.

A gida, sarƙar farko a sassauce ake yin ta, in ta yi tsauri gindin bargon zai tattare har a gama. Layi na biyu da na uku su ne masu wahala, babu abin riƙewa, aikin sai murɗewa yake. Daga na biyar zane ya fara bayyana, hannu ya kama hanya, sai ki ji ba kya son tashi ko girki ya kira. Wanda zan ba bargon kuma ina gaya masa a nisanta shi da kaskon garwashi da mai jego ke ɗumama ɗaki da shi, domin zaren roba narkewa yake ya manne a fata.

A da, mai cikin fari kunya ba ta barinta ta yi tanadi a fili. Goggo ko kaka ke saƙawa a ɓoye, kuma tunda ba wanda ya san abin da Allah zai kawo, sai su zuba kala yadda ransu ya so, ɗorawa da tsanwa da goro a bargo ɗaya. Yanzu an yi hoton ciki, sai a kira ni a ce ruwan hoda in mace ce, ruwan bula in namiji ne. Wannan ba tsarinmu ba ne, daga kayan kanti aka kwaso shi, kuma yana mini ciwo in ga rumfa mai kala hamsin an taƙaita ta zuwa biyu. Ina yin abin da mai kuɗi ta ce, sana'a ce. Amma kafin in karɓi aikin nakan tura mata hoton abin da ya sauka a kasuwa makon nan, in ce, "Ƙanwata, duba wannan tukuna." Da yawansu sukan canza ra'ayi, wasu har su ce a ƙara kala ta uku a bakin bargon.