Karatun manya a jami'a: ƙofofin da ke buɗe a Jega, Aliero da Maiyama

A tsarin ilimin Najeriya, babban ɗalibi shi ne wanda ya koma karatu bayan ya shiga aiki, ko ya yi aure, ko ya daɗe da barin makaranta. A waɗannan ƙananan hukumomi uku na Kebbi ta Tsakiya, galibinsu malaman firamare ne masu takardar NCE, da ma'aikatan asibiti da suka fito daga Kwalejin Kimiyyar Lafiya ta Jega, da kuma matan da aure ya katse wa karatu.

Ƙofa ta farko ita ce jami'ar jiha da ke Aliero, wadda aka kafa a 2006 zamanin Gwamna Adamu Aliero, yanzu kuma take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo. Mai NCE ko difloma yana iya neman gurbi ta hanyar shiga kai tsaye ta hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu. Sai dai karatun cikakken lokaci an tsara shi ne domin saurayin da ba shi da nauyin kowa. Magidancin da ke koyarwa a wani ƙauyen Maiyama ba zai bar ajinsa da safiyar Litinin ya tafi lacca ba, sai in ya samu hutun ƙaro ilimi da albashi.

Ƙofa ta biyu ita ce Buɗaɗɗiyar Jami'ar Najeriya, wato NOUN, wadda ke da cibiyar karatu a Jega. Gwamnatin Shehu Shagari ce ta kafa ta a 1983, sojoji suka dakatar da ita a 1984, Obasanjo ya farfaɗo da ita a 2002. Ba ta neman jarrabawar UTME, ɗalibi kuma yana karatu daga gida. Cikas ɗinta shi ne rajista da gwaje-gwaje sun dogara ga intanet, alhali kuɗin data da wutar lantarki ba kowa suke wa daɗi ba.

Abin da zai jawo manya ba talla ba ne, jadawali ne. Aliero garin albasa ne, aikinta kuwa na rani ne. Da damina ga gero da shinkafa. Jami'ar da ta san haka za ta sa darussa a ƙarshen mako da lokacin dogon hutun makarantu, kamar yadda Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana yi wa malamai. Za ta karɓi kuɗin makaranta kashi-kashi, ta kuma tanadi ɗakin renon yara, domin mai goyo ba ta zama lacca ta awa biyu da jariri a baya.

Ga masu fargabar bautar ƙasa: wanda ya kammala digiri bayan ya haura shekara 30, hukumar NYSC takardar yafewa take ba shi.