Ƙanshin Ciyawa da Tsutsar Kara: Martani ga Binciken Erdei

Taken binciken da Anna Erdei da abokan aikinta suka buga a mujallar eLife a 2024 yana iya sa mai karatu ya ɗauka cewa ƙanshin tsirrai ba shi da tasiri a kan ƙwarin gona. A ganina hujjarsu ba ta kai nan ba.

Tsarin "kora da jawowa" na cibiyar icipe ta Kenya sananne ne (Khan da abokansa, 1997): tsiron Desmodium a tsakanin kunyoyin masara don korar ƙwari, ciyawar giwa a gefen gona don jawo su, dukansu abincin dabbobi. Erdei ta auna iskar da ke kewaye da Desmodium, ta tarar ƙanshin korar ɗan kaɗan ne, kuma ƙugiyoyin gashin ganyensa ne ke kama tsutsa har ta mutu. Wannan aiki ne mai nauyi. Sai dai da tsutsar sojan gona, wadda ba ta bayyana a Afirka ba sai 2016, ta yi gwajinta, alhali tsarin an gina shi ne a kan tsutsa mai huda kara. Ɓangaren kora kaɗai ta taɓa. Ɓangaren jawowa yana nan a tsaye: Chamberlain da abokansa (2006) sun nuna ciyawar giwa tana ninka ƙanshinta a sa'ar farko bayan faɗuwar rana, daidai lokacin da uwar tsutsar ke neman wurin zuba ƙwai. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, ciyawar na fitar da ƙaro mai danƙo, yawancin tsutsotsin ba sa kai ga girma. Da wuya a bayyana wannan dacewar lokaci ba tare da ƙanshi ba.

Iyakar da'awata ke nan: ciyawar giwa da tsutsar kara, a gonakin Gabashin Afirka.

Duk da haka, abin ya shafe mu a Ghana saboda kasuwa. Mai kiwon rago a Nima ko Maamobi ba shi da makiyaya a tsakiyar Accra. Ciyawa da harawa da dusa duk saye yake, buƙatarsa kuma na ƙaruwa idan Babbar Sallah ta gabato. Manomin masara na kusa da birnin da ya kewaye gonarsa da ciyawar giwa yana da mai saye a zango tun kafin ya yanka. Gwajin da ya kamata masanan hukumar binciken kimiyya ta Ghana (CSIR) su yi shi ne ko yawan yankan ciyawar yana rage ƙanshin da take fitarwa da magariba.