Takobin da Aka Fara Ɗagawa a Tawa

A gidanmu, can kan hanyar Bodinga zuwa Shagari, kawuna yana da wata tsohuwar rediyo wadda aka ɗaure murfin batirinta da roba. Kowace shekara akwai kwana goma da ba ta hutawa. Da la'asar sakaliya sai ya fito da ita ƙofar gida, ya ja eriya har ƙarshe, ya yi ta murɗawa har muryar mai sharhi ta ɓullo daga Nijar, ganguna suna tashi a bayansa. Kafin ka ce kwabo tabarma ta cika. Mai dawowa daga kasuwa ma sai ya tsai da jakinsa ya ce, "Baba, wa yak kada wani?" Kawu ba ya tanka wa kowa sai alƙali ya busa usur.

Abin da muke saurare shi ne gasar kokawar gargajiya ta ƙasar Nijar, wadda kowa ya fi sani da gasar takobi.

Kokawa ba baƙuwa ba ce a ƙasar Sakkwato. Da zarar gero ya shiga rumbu, jiki ya murmure daga wahalar damina, samari sukan ɗauki makaɗansu su nufi ƙauyen maƙwabta neman wanda zai tare su. Haka ake yi daga Sifawa har Kajiji, haka kuma ake yi a Adar da Arewa da Gobir, tun kafin Turawan Ingila da na Faransa su ja layi tsakanin Illela da Birnin Ƙonni. Walki ɗaya ne, kirari ɗaya ne, ƙasar da ake murzawa a tafin hannu kafin a kama ita ma ɗaya ce. Rabuwar hanya ta zo ne a 1975.

A ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, Laftanar Kanar Seyni Kunce ya hau mulki. Ya tarar da ƙasa wadda fari ya gama wa illa, dabbobi sun ƙare, mutanen karkara sun cika bakin birane suna jiran tsaba. Ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Buzu da Bafillace da Babarbare, kowa yana kallon gabansa. Gwamnatin ta farfaɗo da Samariya, tsohon tsarin nan na haɗa matasan unguwa a ƙarƙashin sarkin samari, ta kuma nemi abin da zai tara jama'a wuri guda ba tare da an yi musu dogon bayani ba. Ba ta je nesa ba. A 1975 aka kira 'yan kokawar jihohin ƙasar, bakwai a lokacin, zuwa Tawa. Yakuba Kantu na Maraɗi ne ya zama zakaran farko.

A ganina hikimar waɗanda suka kafa gasar tana cikin abin da suka bari yadda suka same shi. Ba su cire wa ɗan kokawa walkinsa ba, ba su raba shi da layu da guraye da kambun da ke damtsensa ba, ba su kori makaɗi daga fage ba. Ba su kuma raba mutane aji-aji bisa nauyin jiki ba, don haka har gobe siririn saurayi yana iya faɗawa hannun ƙato, ya shige ƙarƙashinsa, ya ɗauke masa ƙafa, fili ya kaure da ihu. Abin da suka ƙara kaɗan ne, amma shi ne ƙashin bayan komai: lokaci sananne, alƙali mai usur, da'irar yashi da aka kewaye da buhuna, da alkawarin cewa baɗi za a sake haɗuwa a wani gari.

Yau jihohin takwas ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Tawa, Tilaberi, Damagaram da Yamai. Kowace tana kawo mutum goma da ta tace tun daga gundumomi, jimilla 80. Jiha tana karawa da jiha, rana bayan rana, har kowace ta gamu da sauran bakwai. Ƙa'idar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ta kaye. Wanda ya faɗi sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma ba ya tattara kayansa ya koma gida. Gobe zai sake shiga fage domin jiharsa, kuma shi ne mafi haɗari, tunda ba shi da sauran abin da zai yi asara. Sau da yawa gwanin da gari ya zuba wa ido yakan ƙare a hannun wanda ya sha ƙasa tun ranar farko. Shi ya sa kowace yamma lissafi ɗaya ake yi a ƙofar gidanmu: saura mutum nawa da ba su faɗi ba, kuma na wace jiha? Waɗannan 'yan tsirarun su ne ke fafatawa a kwanakin ƙarshe. Wanda ya yi saura a tsaye a yi masa naɗi, a miƙa masa takobi, a ba shi doki da kuɗi.

Daga nan sunaye suka fara taruwa. Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade na Tawa, Langa-Langa na Damagaram, daga baya su Balla Haruna da Badamasi. Rediyon Muryar Sahel ta kai su kowace rugga da kowace tunga da Hausa da Zabarmanci, talabijin ta biyo baya da fuskokinsu, mawaƙa irin su Sagalo suka ɗora su a bakin yara. Aka gina filayen kokawa na dindindin a manyan biranen jihohi, kuma ba sunan gwamna ko minista aka sa musu ba. Filin Maraɗi na Kantu ne, na Doso na Salma Ɗan Rani, na Damagaram na Langa-Langa. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi, domin mu ma mun yi ƙarfafan da bayansu bai san ƙasa ba a fagagen Bodinga da Shagari, amma labarinsu yana bin tsofaffin da suka gan su zuwa kushewa.

Ba a ce tafiyar ba ta da gargada. Daga 1975 zuwa 2023 shekara 49 ce, amma gasar da aka yi a Agadas a Disambar 2023 ita ce ta 44, wato akwai shekarun da ganga ta yi shiru. Kuɗi kuma da suka yawaita sun zo da nasu. Kyautar da ta kai miliyoyin saifa, da alkawuran 'yan kasuwa da 'yan siyasa, sun sa wasu suna kokawar tsoro, a yi ta zagaye ana taɓa hannu ba kamu, har 'yan kallo su fara gunaguni. Duk da haka sojoji sun sauka, farar hula sun hau, an sake juyin mulki ba sau ɗaya ba, kuma babu gwamnatin da ta yi gigin ajiye takobin.

A nan gida Najeriya ba a rasa ƙoƙari ba. Gasar wasanni ta ƙasa da aka fara a Legas a 1973 ta buɗe ƙofa ga kokawa da dambe da langa, kuma a Maris 2025 Abuja ta karɓi gasar kokawar ƙasashen Yammacin Afirka, inda Senegal ta zo ta ɗaya. Sai dai a babban taro irin na ƙasa kokawa ɗaki ɗaya ce a gida mai ɗakuna da yawa. Arewacin ƙasar ya karɓi baƙuncinsa a Kaduna a 1977 da 2009, da Bauci a 1991 da 2000, amma bai taɓa sauka a Sakkwato ba. Yaron da ke alkafura a yashin bayan gari, wanda jikinsa ke lanƙwasa kamar tsumagiya, ba shi da wata rana a kalanda da zai ce ita yake jira.

A gasar Agadas ɗin nan ta 2023 ne Kadri Abdu, wanda duniya ta sani da Isaka Isaka, ya ɗaga takobinsa na shida, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa. Shekara ta zagayo aka kai gasar Doso, jiharsa, a filin Salma Ɗan Rani, a gaban mutanensa. Ya kai karon ƙarshe bai faɗi ba. A nan Abba Ibrahim na Yamai ya kayar da shi.

Rediyon kawu ta daɗe da mutuwa, a waya muka kalli wannan kayen, kawuna goma sha a kan allo ɗaya, ana mayar da shi baya ana sake kallo. Bayan isha'i na fito na tarar yaran unguwa sun ja da'ira da ƙafa a yashi, sun tuɓe riguna. Rigima ta kaure tun ba a kama ba, domin kowa ya ce shi ne Abba. Can wani ƙarami ya sunkuya ya dumbuzi ƙasa ya murza a hannu, ya ce shi ya yarda, shi ne Isaka, mai son takobi ya fito.