Kakar 2007/2008: Shekarar da Kofin Lig ya Dawo Kano

Gabatarwa

Bahaushe bai yi kuskure ba da ya ɗauki kalmar "kaka" ya laƙaba wa zangon wasan ƙwallon ƙafa. Kaka dai ita ce lokacin da manomi yake ganin sakamakon wahalarsa, ko rumbu ya cika ko ya zauna wayam. Duk wanda ya san ƙasar Watari, wato yankin Bagwai da kewayensa a arewacin Jihar Kano, inda gona take manne da gona, ya san ba a cika rumbu da aikin yini guda. Haka gasar lig take. Gasar cin kofin ƙalubale ana iya lashe ta da sa'ar wasanni biyar ko shida, amma lig sai an yi shuka, an yi noman fari da maimai, an jure fari da ambaliya, sannan a zo ga girbi. Wannan maƙala za ta waiwayi kakar 2007/2008, wadda a cikinta ƙungiyar Kano Pillars ta ɗauki kofin lig na Nijeriya a karon farko, ta duba abin da ya gabace ta da kuma abin da ta haifar.

Shekara Talatin Ana Jira

Kano ba baƙuwa ba ce a fagen tamaula. Tun a 1953 ƙungiyar Kano ta ci Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, a lokacin da ƙungiyoyin Ikko suka mayar da shi tamkar gadon gidansu. Da aka kafa gasar lig ta ƙasa a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara ɗauka, daga nan kofin ya yi kudu yana yawo tsakanin Benin da Inugu da Badun, sai a 1978 Raccah Rovers ta Kano ta fizgo shi. Sunan Raccah sananne ne a Kano tun zamanin dalar gyaɗa, kuma ƙungiyar ta yi tashen da har a wannan shekara ta kara da Fluminense ta ƙasar Barazil a Kaduna, wasan da shahararren ɗan ƙwallon nan Pele ya sa rigar baƙin ya buga. Sai dai tashen bai daɗe ba, ƙungiyar ta dusashe, har ta kai yawancin samarin yau ba su san an taɓa yin ta ba.

A 1990 aka mayar da gasar ta ƙwararru, wato wasa ya zama sana'ar da ake ɗaukar mutum a kan albashi da yarjejeniya. A wannan shekara aka haifi Kano Pillars, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. A nan mutumin Watari yana da abin tinƙaho, domin WRECA ita ce hukumar Jihar Kano mai aikin ruwa da gina madatsu, irin wadda ta tare kogin Watari ta ba mutanen Bagwai noman rani. Ke nan ɗaya daga cikin duwatsun murhu ukun da aka girka Pillars a kansu daga ma'aikatan ruwa ya fito.

Shekarun da suka biyo baya na ƙwalele ne ga ƙasar Hausa. Ranchers Bees ta Kaduna ta kai wasan ƙarshe na kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale a 1988, ta faɗi. Pillars ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale a 1991, El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta doke ta. Katsina United ta kai wasan ƙarshe sau uku a jere, daga 1995 zuwa 1997, ba ta ɗauka ko sau ɗaya ba. Kofin lig kuwa ya leƙa Gboko a 1994, ya leƙa Makurɗi a 1999, amma daga 1978 zuwa 2008 babu wata ƙungiya ta Kano ko Kaduna ko Katsina ko Sakkwato da ta taɓa shi.

Yadda Kakar ta Kasance

Ƙungiyoyi 20 ne suka shiga gasar, kowace za ta kara da kowace sau biyu, gida da waje, wasa 38 ke nan. Wanda ya ci yana da maki 3, kunnen doki maki 1, wanda aka ci kuwa ya tashi a tutar babu. An fara ne a ƙarshen 2007, lokacin da manoma suke ɗaure dammunan gero da dawa, aka ratsa hunturu da bazara, masu lambu a bakin madatsar Watari suna ban ruwan tumatir da albasa, aka kammala a 2008 damina tana ƙwanƙwasa ƙofa.

Mai riƙe da kofi a lokacin ita ce Enyimba ta Aba, wadda ta ci lig sau biyar tsakanin 2001 da 2007, ta kuma ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004. Ga Rangers ta Inugu, ga Sharks ta Fatakwal, ga Bayelsa United, ga kuma Heartland ta Owerri, wadda ita ce tsohuwar Iwuanyanwu Nationale da ta ci gasar ƙwararru ta farko a 1990. Daga Arewa akwai irin su Wikki Tourists ta Bauchi da Gombe United da Niger Tornadoes ta Minna.

Dabarar da hukumar Pillars ta yi ita ce ɗauko mai horarwa wanda ya san hanyar rumbu. Kadiri Ikhana tsohon ɗan wasan Bendel Insurance ne, yana cikin 'yan wasan Nijeriya da suka ci kofin ƙasashen Afirka a 1980, kuma shi ne ya jagoranci Enyimba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003, abin da wata ƙungiyar Nijeriya ba ta taɓa yi ba kafin nan. Mutum ne daga Jihar Edo, amma Kanawa suka rungume shi, domin dama Kano gari ne da ya saba ɗaukar baƙo ya mayar da shi ɗan gida idan ya iya sana'arsa.

Ginshiƙin nasarar shi ne wasan gida. Ba a banza ake yi wa ƙungiyar kirari da "Sai Masu Gida" ba. Tun daga 2003 ba a ci Pillars a gida a gasar lig ba, kuma haka aka wuce wasanni 19 na gida na wannan kaka ba wanda ya tafi da maki 3. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, wanda ya karɓi wasannin kofin duniya na matasa a 1999 da na ƙasashen Afirka a 2000, yakan cika ya batse tun kafin la'asar, 'yan kasuwa da 'yan acaɓa da masu zuwa daga ƙauyuka a motar haya.

To amma a lig ɗin Nijeriya na wancan zamani kusan kowa zaki ne a gidansa. Abin da yake raba zakara da sauran kaji shi ne ɗan abin da ya tsinto a waje. Mai karatu ya auna tafiyar kusan kilomita 1,000 a cikin mota daga Kano zuwa Fatakwal, a bar busasshiyar iskar hunturu a faɗa cikin gumi da ruwan sama, a sauka da gajiya, a shiga fili gaban 'yan kallon da ba su ƙi a yi maka komai ba. A irin wannan hali kunnen doki ɗaya tamkar damin hatsi ne a shekarar fari. Da irin wannan tsince-tsince, a kan abin da aka tara a gida, Pillars ta ƙare a kan gaba, Heartland ta zo ta biyu, Bayelsa United ta uku.

Ido na Ingila, Kofi na Kano

Abin lura shi ne wannan girbi ya zo a lokacin da hankalin samari ya yi nisa da gida. A shekarun nan gidajen kallon ƙwallo sun bazu daga birni har garuruwan karkara irin su Bichi da Bagwai, da janareto da tauraron ɗan'adam da bencina. A watan Mayu na 2008 Nwankwo Kanu ya ci wa Portsmouth ƙwallon da ta ba ta kofin ƙalubale na Ingila, kwanaki kaɗan bayan haka Manchester United ta doke Chelsea a birnin Mosko ta ɗauki kofin zakarun Turai. Waɗannan wasanni an gan su da ido, an yi musu a kansu a majalisa har dare ya raba. Wasan Pillars kuwa mutumin karkara a rediyo yake jin sa, ko daga bakin wanda ya je birni ya dawo. Shi ya sa za ka sami saurayin da zai lissafo maka 'yan wasan Chelsea na wannan shekara ɗaya bayan ɗaya, amma ka tambaye shi waɗanda suka kawo wa Kano kofi sai ya yi shiru.

Amsar da Aka Bayar a Alƙahira

Gaskiya ɗaya ce, ba kowa ne ya yarda da ƙarfin masu cin wasa a gida ba. An daɗe ana kuka a duk faɗin gasar cewa alƙalan wasa suna busa ne da tsoron 'yan kallo, don haka akwai masu ganin kofin bai nuna gwaninta ba. Shekarar 2009 ta ba su amsa. Wannan kofi ne ya ba Pillars damar shiga gasar zakarun Afirka, inda ta haɗu da Al Ahly ta Masar, mai riƙe da kofin, wadda ta ɗauke shi sau shida a lokacin. An yi 1-1 a wasan farko, kowa ya ce magana ta ƙare. Da aka je Alƙahira sai aka tashi 2-2, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta ci a waje. Ta ratsa zagayen rukuni har ta kai wasan kusa da na ƙarshe, a nan Heartland, wadda ta bari a baya a gida, ta rama ta fitar da ita.

Daga wannan kaka ƙofa ta buɗe. A kakar 2009/2010 wani yaro ɗan Jos mai suna Ahmed Musa ya ci wa Pillars ƙwallo 18, ya karya tarihin Ishaya Jatau na ƙwallo 17 wanda ya tsaya tun 1990, daga nan ya wuce ƙasar Holan, daga baya ya zama kyaftin ɗin Nijeriya. Pillars ta sake ɗaukar lig sau uku a jere, 2012 da 2013 da 2014, zamanin su Rabi'u Ali, wanda Kanawa suka laƙaba wa Pele, da Gambo Muhammad. A watan Agusta na 2015 Nasarawa United ta zo Kano ta ci 2-1, ta kawo ƙarshen wasanni 202 na rashin faɗuwa a gida. A 2019 aka ci Kofin Ƙalubale, a 2022 kuma ƙungiyar ta faɗo daga rukunin farko, ta sake hawa a 2023. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Kammalawa

Raccah Rovers ta ci kofi ta ɓace, Pillars ta faɗi ta tashi, domin tana da gwamnatin jiha a bayanta, tana kuma da jama'ar da suka ɗauke ta tasu, daga Ƙofar Mata har lambunan Watari. Sai dai abin da ya sami labarin 1978 yana iya samun na 2008, tunda abin da aka bar wa baki kaɗai yakan bi masu shi kabari. Waɗanda suka buga wannan kaka da waɗanda suka kalla da yawansu suna nan da ransu, a birni da ƙauye. Ya rage ga ma'abota alƙalami su same su, su ji daga bakinsu, su rubuta da Hausa, tun kafin gara ta shiga rumbun. Allah ya ba mu ikon yi.